Austen ko Dickens: Wa Za Ka Ɗauka Idan Rubutun Kundi Ya Taso?

Wata 'yar yayata da ke aji huɗu a sashen Ingilishi ta kira ni da daddare, murya a sanyaye. Malamin da zai duba kundinta ya ce ta zaɓi marubuci ɗaya daga cikin tsofaffin marubutan ƙagaggun labarai na Ingila, ta kawo masa take kafin mako ya zagayo. Ta tace ta tace, saura biyu: Jane Austen da Charles Dickens. Zuciyarta ta fi kwantawa da Austen. Na ce me ya sa? Ta ce, "Kawu, littattafanta shida ne kacal, kuma ba su da kauri." Na yi dariya, domin da wannan lissafin ne ni ma na ɗauki Austen a zamanina, kuma na ji a jikina. Abin da na faɗa mata a daren, da abin da na riƙa tunowa bayan mun ajiye waya, shi na tattara a nan, ko zai amfani wani da ke tsaye a wannan mararraba.

Kaurin littafi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya yanke maka shawara. Abin da ya fi raba marubutan nan biyu a wurin mai nazari shi ne yawan sawun da kowannensu ya bari. Austen kamar wadda ta bi ta kan fa ce, sai ka duƙa kafin ka ga inda ta taka. Dickens kuwa kamar garken shanu ne ya ratsa fadama. Irin aikin da za ka yi, da irin kuskuren da za ka iya tafkawa, duk daga nan suke tasowa.

An haifi Jane Austen a 1775 a ƙauyen Steventon da ke yankin Hampshire. 'Yar limamin coci ce, ba ta yi aure ba, ta rasu a Winchester a 1817 tana da shekara 41. Littattafai huɗu suka fito tana raye, daga Sense and Sensibility a 1811 zuwa Emma a ƙarshen 1815, kuma babu wanda ya ɗauki sunanta. A bangon na farkon cewa kawai aka yi wata mace ce ta rubuta. Northanger Abbey da Persuasion sai bayan rasuwarta. Ko a dutsen kabarinta da ke babban cocin Winchester ba a ambaci cewa marubuciya ce ba. Babbar asarar masu nazari ita ce wasiƙunta. Yayarta Cassandra, aminiyarta tun suna yara, ta ƙone mafi yawansu, waɗanda ta bari ma ta sa almakashi ta datse wasu wurare. Abin da ya rage bai wuce wasiƙu 160 da 'yan kai ba. Tsakanin 1801 da 1804, bayan iyalin sun bar ƙauye sun koma garin Bath, shiru ne na fiye da shekara uku, babu wasiƙa ko guda. A cikin wannan shirun ne, a Disambar 1802, wani saurayi mai jiran gadon gida da filaye, Harris Bigg-Wither, ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Labarin ma daga bakin dangi aka ji shi, shekaru masu yawa bayan haka.

Cikakken tarihin rayuwarta na farko ɗan wanta ne ya rubuta, James Edward Austen-Leigh, ya fito a ƙarshen 1869, fiye da rabin ƙarni bayan mutuwarta. Ka san yadda ɗa zai ba da labarin gwaggonsa: mai haƙuri, mai kunya, mai son yara, wadda ke rubutu don ɗebe kewa. Hoton nan ya daɗe yana yawo, sai da masana suka zauna da ragowar wasiƙun suka ga harshenta da kaifi, kuma tana lissafin kuɗin littattafanta kamar kowace 'yar kasuwa. Fam 150 ta so a biya ta haƙƙin Pride and Prejudice, aka ba ta 110, ta karɓa.

Idan takenka irin na "rayuwa da ayyuka" ne, babin rayuwar Austen zai ƙare tun alƙalami bai ɗumi ba. Daga nan ɗalibi ke fara cike gurbi da zato: wai Darcy, tauraron Pride and Prejudice, shi ne Tom Lefroy, saurayin nan ɗan Ailan da suka yi 'yan makonni suna haɗuwa a wurin rawa tana da shekara 20, wai kowace tauraruwa da ta rasa masoyi ita ce Austen ɗin kanta. Malami mai ido zai ja jan biro a ƙarƙashi ya tambaye ka, ina shaida? Babu. Dole ka koma cikin littafin, ka bi shi jimla bayan jimla, kuma a nan ne siririn littafin ke nuna maka nauyinsa.

Dickens an haife shi a Portsmouth a 1812, ya rasu a gidansa na Gad's Hill a 1870, aka binne shi a Westminster Abbey inda ake binne manya. Ƙagaggun labarai 15 ya bari, na ƙarshen bai kammala ba. Banda su akwai gajerun labarai, da rahotannin da ya rubuta tun yana ɗan jarida mai ɗauko muhawarar majalisa, da mujallu biyu na mako-mako da ya shafe shekara 20 yana shiryawa, Household Words daga 1850, sannan All the Year Round daga 1859. Shi ma ya hura wuta a filin da ke bayan gidansa a Satumbar 1860 ya ƙone tulin wasiƙun da mutane suka aiko masa, amma waɗanda shi ya aika suna hannun jama'a, ba shi da iko da su. Da masana suka tattara su, sun haura 14,000, sun cika kundi 12, aikin da aka fara fitarwa a 1965 bai ƙare ba sai 2002. Kusan kowane wata na rayuwarsa ta girma ana iya faɗin inda yake, da wanda ya ci abinci da shi, da wanda yake jin haushi.

Kuma rayuwar tana da labari. A 1824 aka kulle mahaifinsa a gidan yarin Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka kai shi ma'aikatar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe, sule shida a mako. Bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Duniya ba ta sani ba sai da amininsa John Forster ya fitar da tarihinsa tsakanin 1872 da 1874. Wanda ya san wannan, idan ya buɗe David Copperfield ya ga yaro yana wanke kwalabe a sito, ko ya buɗe Little Dorrit ya ga yarinyar da aka haifa a cikin Marshalsea, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga ɗalibin da ke son haɗa rayuwa da rubutu, wannan gona ce da aka riga aka yi wa huɗa.

Sai dai sauƙin nan shi ne tarkon. Na karanta kundaye da dama a kan Dickens waɗanda jigonsu ɗaya: ya sha wahala yana yaro, shi ya sa yake tausayin talaka. Gaskiya ne, amma kowa ya faɗa, tun Forster. Kuma Forster amini ne, ya rufa asiri. Bai ce komai ba a kan Ellen Ternan, 'yar wasan kwaikwayon da Dickens ya haɗu da ita a 1857 tana da shekara 18 shi yana da 45; sunanta a wasiyyar da aka liƙa a ƙarshen littafin yake, inda aka bar mata fam 1,000. A 1858 ya rabu da matarsa Catherine bayan ta haifa masa 'ya'ya goma, ya kuma kai maganar gidansa shafin jarida don ya wanke kansa. A 1990 Claire Tomalin ta fitar da littafi sukutum a kan Ellen. Saboda haka wanda zai yi babin rayuwar Dickens, kada ya tsaya ga Forster shi kaɗai. Ya haɗa da wani na zamani, ko na Michael Slater na 2009 wanda ya fi bin aikin rubutun kansa, ko na Tomalin na 2011 wanda ya fi sauƙin karantawa. Ita Tomalin ta rubuta na Austen ma a 1997, kuma idan ka ajiye biyun gefe da gefe za ka ga bambancin da nake faɗa da idonka: a ɗaya tana zaɓen abin da za ta zubar, a ɗayan tana tsintar abin da za ta riƙe.

Yanzu maganar harshe, wadda a ganina ita ce ma'aunin da ɗalibi ya kamata ya gwada kansa da shi kafin komai.

Turancin Dickens a ido ya fi ban tsoro. Jimloli masu tsawo, taurari barkatai, karin harshen talakawan Landan, karin ma'aikatan masaƙa na arewacin Ingila a Hard Times, sunayen unguwanni da sana'o'in da suka mutu. Amma wahala ce da bugu mai kyakkyawan sharhi ke warwarewa. Kuma Dickens ba ya ɓoye inda ya dosa. Idan yana zambo za ka ji, idan yana kuka za ka ji, mugu tun daga sunansa da yanayin hancinsa ka gane shi. Ko ka rasa kashi ɗaya cikin biyar na kalmomin shafi, ba za ka ɓata hanya ba.

Austen kalmominta sanannu ne, shi ya sa suke yaudara. Wasunsu ma'anarsu ta gusa a cikin shekara 200. Kalmar sensibility da ke taken littafinta na farko ba hankali take nufi ba, saurin motsuwar zuciya take nufi, kishiyar abin da ɗalibi zai fara zato. Ta fi haka ma, gugar zana ce sana'arta. Jimlar farko ta Pride and Prejudice tana cewa kowa ya yarda attajirin da ba shi da aure mata yake nema. Kafin ka gama shafi ka gane iyayen 'yan mata ne ke nemansa. A Emma kuwa muryar mai ba da labari narkewa take cikin tunanin tauraruwar, ba tare da an ce maka "ta yi tunani" ba, har ka ɗauki zaton Emma a matsayin gaskiyar labari. Tana ganin limamin ƙauyen ƙawarta Harriet yake so, kai ma ka yarda, alhali ita yake hari. Bahaushe ya san habaici da shaguɓe, ya san yadda tsohuwa za ta yabi amarya yabon da ya fi zagi ciwo, don haka kunnenmu ba baƙo ba ne a wannan fage. Abin tambaya shi ne ko kana iya jin shaguɓen a cikin Turanci na farkon ƙarni na 19. Gwajin da na ba 'yar yayata ke nan: ta karanta babi na biyu na Sense and Sensibility. A nan John Dashwood ya yi niyyar ba ƙannensa mata 'yan uba fam 3,000 don cika alkawarin da ya yi wa mahaifinsu a gadon mutuwa, matarsa ta zauna da shi da tattausar murya tana ragewa tana ragewa, har suka tashi a kan cewa taimaka musu da kwashe kaya da ɗan kyautar kifi da naman farauta ya wadatar, kuma su biyun suna ganin sun yi karamci. Wanda ya karanta ya yi murmushi mai ɗaci, zai iya da Austen. Wanda ya karanta ya ga hira ce kawai tsakanin miji da mata, ya nufi wajen Dickens, ba abin kunya ba ne.

Game da jigo, ɗalibanmu kan ruga wuri biyu. Masu Austen su ce aure, masu Dickens su ce talauci. Dukansu sun yi faɗi da yawa. Auren da ke cikin Austen lissafin kuɗi ne da gado. A Pride and Prejudice, Mista Bennet na samun fam 2,000 a shekara, amma gidan da filayen an ɗaure su da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gada, don haka ranar da ya mutu 'ya'yansa mata biyar da uwarsu za su tashi, wani dangi na nesa ya shiga. Mai karatu da ya tashi a inda shari'a ta yanka wa 'ya mace kasonta na gado zai ji baƙuncin wannan fiye da Baturen yau, kuma wannan baƙuncin jari ne: yana sa ka tambayi abin da wasu suka wuce. Me ya sa Charlotte Lucas, mai shekara 27 da hankalinta, ta amince ta auri mutumin da ta san wawa ne? Amsar tana cikin fam da sule. Kundin da ya bi kuɗin nan dalla-dalla a littafi ɗaya ya fi wanda ya yi shawagi a kan "matsayin mata" a littattafai shida. Akwai kuma masu kwatanta ta da littattafan soyayya na kasuwar Kano, tunda a nan ma mata ne ke rubuta aure da kishi da gado ga mata. Ana iya yi, amma sai ka san ɓangarorin biyu da gaske, in ba haka ba za ka ƙare da cewa "duka suna maganar aure", wanda ba bincike ba ne.

A ɓangaren Dickens, kwatancin da ya fi saurin zuwa bakin ɗalibi shi ne Oliver Twist da almajirai. Ina ba da shawarar a yi hattara. Gidan da Oliver ya roƙi ƙarin kunu na hukuma ne, dokar talakawa ta 1834 ce ta tsaurara shi da gangan don kada talaka ya yi sha'awar shiga. Asalinsa da manufarsa daban suke da na makarantar allo, kuma kundin da ya haɗa su don kawai duka akwai yaro da kwano zai sha tambayoyi ranar kare aiki. Kwatancin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne na yadda ake fitar da labari. Yawancin manyan littattafan Dickens kashi-kashi suka fito, duk wata shafi 32 da zane biyu a kan sule ɗaya, har kashi 20. Yana rubutu mutane na karantawa, ciniki na hawa yana sauka, masu karatu na aiko da ƙorafi. Wata mata da ta gane ita ya siffanta a David Copperfield ta rubuto masa cikin ɓacin rai, sai ya juya halin tauraruwar daga baya ta koma mutuniyar kirki. Duk wanda ya taɓa jiran littafi na biyu da na uku a wurin mai haya, ko yake bin marubuciyar da ke sakin shafi kullum a WhatsApp tana karanta martanin masu bibiya, ya san wannan duniyar daga ciki. Kuma shaidar tana nan: takardun da Dickens ke tsara kowane kashi a kansu sun tsira, rubutun hannunsa na yawancin littattafan yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, John Butt da Kathleen Tillotson sun yi littafi a kan haka tun 1957. Austen ba ta ba ka wannan dama. Daga littattafanta shida, babi biyu na Persuasion da ta soke su ne kaɗai suka rage da rubutun hannunta.

Akwai wuri guda da Dickens ya taka ƙasarmu, kuma ina mamakin yadda ba a cika waiwayarsa ba. A 1841 Birtaniya ta turo jiragen ruwa uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakuna da kafa gonar gwaji. Masu fafutukar hana bauta irin su Thomas Fowell Buxton ne suka tsaya a kan tafiyar. Sun ƙulla yarjejeniya a Aboh da Idah, sun sami fili a mahaɗar Kwara da Binuwai wajen Lakwaja, jirgi ɗaya ya kai har Egga a ƙasar Nufe, sannan zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. A cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya yi nahawu da ƙamus. A 1848 Dickens ya rubuta dogon sharhi a jaridar The Examiner a kan labarin tafiyar, ya yi wa masu shirya ta ba'a, ya kuma yi magana a kan 'yan Afirka da reni ƙarara. Bayan shekara huɗu sai ga Bleak House, da Misis Jellyby, matar da idonta ba ya ganin abin da ya fi Afirka kusa: tana ta rubuta wasiƙu don kafa gonar kofi a wani wuri da ya ƙirƙira a gaɓar hagu ta kogin Neja, wato Kwara, 'ya'yanta na faɗowa daga bene, gidanta ya zama juji. A gefe guda ga Jo, yaron da ke share titi a Landan, wanda al'umma ta yi watsi da shi har ya mutu. Saƙon a fili yake, a fara da na gida. Amma dubi da wa aka biya kuɗin saƙon: mutanen bakin kogin ba su da fuska, ba su da suna, abin dariya ne kawai. Ɗalibin da zai ajiye babi na huɗu na Bleak House, da sharhin 1848, da littafin tafiyar da Schön da Crowther suka fitar a 1842, ya karanta su tare, yana da abin faɗa wanda ya san ƙasar da ake magana a kanta. Idan ya ƙara da maƙalar Dickens ta 1853 a kan mutanen da Turawa ke kira marasa wayewa, da goyon bayan da ya ba Gwamna Eyre bayan kisan da aka yi a Jamaika a 1865, zai ga cewa tausayin mutumin yana da iyakar ƙasa.

Austen ma tana da irin wannan ƙofa, sai dai ƙarama ce kuma an yi cunkoso a bakinta. A Mansfield Park na 1814, mai gidan yana da gandu a tsibirin Antigua, kuma da Fanny, tauraruwar littafin, ta tambaye shi game da cinikin bayi sai ɗakin ya yi tsit. Edward Said ya gina babi a kan wannan a littafinsa na 1993, yana cewa natsuwar gidan Ingila a kan gumin bayi take zaune. Tun daga nan ake ta amsa masa, wasu na kawo wasiƙar 1813 inda Austen ta nuna ƙaunarta ga rubutun Thomas Clarkson, ɗan gwagwarmayar hana cinikin bayi. Muhawara ce mai daɗi, amma 'yan layuka ne a littafin, kuma manya sun riga sun tatse su.

Ta fuskar bitar ayyukan magabata, Austen ta fi sauƙin tsarawa, don gardamar da ake yi a kanta tana da gefe biyu bayyanannu. D. W. Harding a 1940 ya ce ƙiyayya ce mai linzami take yi wa mutanen da take zaune da su. Marilyn Butler a 1975 ta ce a'a, 'yar mazan jiya ce mai kare tsarin da ta tarar a zamanin juyin juya halin Faransa. Masu tarke, wato sharhin adabi, ta fuskar mata suka zo suka ja ta ɗaya gefen. Kana iya zaɓar gefe ka kare shi da littafi ɗaya. Tarken Dickens ya fi watsuwa. George Orwell a 1940 ya lura cewa yana sukar mugun hali ne, ba ya kawo tsarin da zai maye gurbin wanda yake suka. Edmund Wilson a 1941 ya tono duhun da ke cikin mutumin. F. R. Leavis a 1948 ya sa Austen a sahun farko na manyan marubutan Ingila, ya bar Dickens a waje a matsayin mai nishaɗantarwa, Hard Times kaɗai ya ɗaga wa ƙafa. A 1970 shi da matarsa suka fitar da littafi guda suna ɗaukaka shi. Ina son wannan labarin, don yana nuna wa ɗalibi cewa manyan masu tarke ma suna lashe amansu.

Samun kayan aiki ba zai raba maka gardama ba. Littattafan su biyun kyauta suke a Project Gutenberg. Mujallun Dickens suna Dickens Journals Online, ragowar rubutun hannun Austen ma an ɗora hotunansu a intanet, kuma mujallar ƙungiyar masu nazarinta ta Amurka tana da sashen da ake karantawa kyauta. Amma don kafa hujja da lambar shafi, nemi bugun Oxford ko Penguin ko Norton mai gabatarwa da sharhi. Ka guji taƙaitattun bugun da aka yi wa 'yan sakandare, kuma kada ka dogara da fim. Wurin da Darcy ya faɗa tafki ya fito da jiƙaƙƙiyar riga, a shirin talabijin na BBC na 1995 yake, babu shi a littafi, kuma na taɓa ganinsa a cikin kundi. Great Expectations kuwa ƙarshe biyu gare shi, don Dickens ya sauya na farkon bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton; ka san wanne ke hannunka kafin ka yi sharhi a kansa.

Ga inda na tsaya. Ɗalibin digirin farko mai wata shida ko bakwai, wanda Turancinsa na aiki ne ba na ƙawa ba, ya ɗauki Dickens, amma littafi ɗaya tak: Hard Times idan yana son gajere mai jigo a fili, makaranta da masaƙa da ƙungiyar ma'aikata, ko Great Expectations idan yana son wanda ya fi kyan gini. Kada ya ce zai yi "ayyukan Dickens", ba zai gama karanta su ba. Bleak House da tafiyar 1841 na mai digiri na biyu ne, babi 67 ne, kuma sai an haƙura da shari'ar gadon da ke cinye dukiyar kafin a yanke ta. Austen ta mai kunne ce, wanda zai iya zama da shafi biyu yini guda bai gaji ba, kuma shi kaɗai ne zai iya cewa ya karanta duk abin da marubucinsa ya wallafa kafin ya fara rubutu, wanda ba ƙaramin ƙarfi ba ne a gaban masu jarrabawa.

'Yar yayata ta sake kira bayan kwana biyu. Ta karanta babin, ta ce matar John Dashwood ta tuna mata da wata a danginmu, ta faɗi suna, na ce ta rufa mana asiri. Austen ta ɗauka, littafi ɗaya, a kan gado da 'yan ubanci. Malamin ya karɓi taken, ya ce ta rage shi.